Watannin da Jirgi Ba Ya Sauka

Alkasim shi ne autan Malam Zakariyya na Dangora, kuma shi kaɗai ne a gidan wanda in an tambayi aikinsa ake rasa amsar da za a bayar. Yayarsa Kulsum nas ce a Tudun Wada, can take aure, kowa kuwa ya san abin da nas take yi. Shi kimiyya ya karanta a Zariya, ya samu gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje, ya yi shekaru yana zuwa yana komawa. In mata suka tambayi mahaifiyarsa, Inna Hajara, sai ta ce, "Sama yake dubawa," ta ci gaba da abin da ke gabanta.

A wani zuwa da ya yi bayan an gama girbin masara, ya tara su a tsakar gida ya gaya musu inda za shi. Ƙarshen duniya ne ta kudu, inda babu ƙasa sai ƙanƙara, babu itace, babu ciyawa, babu ko ƙuda. An kafa wata babbar na'urar hangen sama a wurin, mai faranti wanda faɗinsa ya fi zauren Malam, kuma ana bukatar mutum biyu su zauna su kula da ita har sanyi ya wuce. Yana cikin biyun da aka zaɓa.

"Me ya sa sai can?" in ji Malam. "Sama ta ƙare a sauran wurare ne?"

"Baba, hasken da muke nema ba ya son danshi. Ruwan da ke cikin iska yana ɓata shi kafin ya iso ƙasa. Can kuwa sanyi ya daskarar da komai, iskar ta fi ta hamada bushewa."

"Wane haske ne?"

"Mafi tsufan hasken da ake iya gani. Ya taso tun kafin a yi rana da taurari, har yanzu yana isowa ta kowace fuska. Ido ba ya ganinsa, sai na'ura."

Malam ya yi tasbihi. Sai Alkasim ya faɗi abin da ya bari a ƙarshe: daga tsakiyar Fabrairu har zuwa ƙarshen Oktoba jirgi ba ya sauka a wurin. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje.

Kulsum ta ce, "In wani ya kwanta ciwo fa?"

"Akwai likita a cikinmu, Yaya."

Inna ba ta tambayi wannan ba. Ta tambaya ko akwai abinci, ko akwai Musulmi. Ya ce abinci kam har ya yi yawa, Musulmi kuwa shi kaɗai ne a cikin mutum arba'in da wani abu. Ta ce Allah yana can kamar yadda yake nan, ta tashi ta je daka masa yaji.

Watannin farko sun zo da sauƙi. Waya ba ta shiga wurin sai in wani tauraron ɗan Adam ya leƙo ta samansu, na 'yan sa'o'i a yini, kuma lokacin yana matsawa kaɗan-kaɗan. In ya samu hanya sai ya kira ƙaramar wayar Malam, hotuna kuwa ya tura wa Kulsum. Gab da azumi ya kira da tambayar da ta fi kowace faranta wa mahaifinsa rai. Rana tana gab da faɗuwa a can, in ta faɗi kuma ba za ta sake fitowa ba sai bayan wata shida. Yaushe zai yi sahur, yaushe zai sha ruwa? Yaushe ne azahar a wurin da babu zawali? Malam ya sauke littattafansa ya duba, ya hau mota ya je Bebeji wajen wani abokin karatunsa, suka yini suna tattaunawa. Ya dawo ya ce wa ɗansa ya bi lokacin gari mafi kusa da su wanda ke da dare da rana, ya tsaya a kansa, kada ya riƙa sauyawa. Ya yi mako yana ba ɗalibansa na zaure labarin wannan mas'ala.

Ruwan shuka bai daɗe da sauka ba Kulsum ta zo gida wani ƙarshen mako, ta dubi idon Inna a hasken rana, ta ga ya yi rawaya. Inna ta ce shawara ce, ta sha jiƙo. Kulsum ba ta yarda ba, ta ɗauke ta zuwa wani babban asibiti a Kano. Aka yi gwaje-gwaje, aka yi hoto, aka sa su koma. Likitan ya ja Kulsum gefe, ya yi mata magana irin ta ma'aikata. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Abin da ya rage shi ne a rage mata zafi.

Inna ba ta bukaci a fassara mata ba. A motar komawa, sun kusa Kwanar Dangora, ta dafa gwiwar 'yarta. Ba ta taɓa kiran sunan Kulsum ba, kasancewarta 'yar fari, Nas take ce mata.

"Nas, zan kai kaka?"

Kulsum ta kawar da kai, ta dubi tagar motar.

"To, na ji," in ji Inna. "Abu ɗaya nake so. Kada Auta ya sani."

"Inna, ɗanki ne."

"Shi ya sa. In ya ji, zai iya zuwa? Ba zai iya ba. Yana cikin duhu, ba ɗan'uwa, ba masallaci, sai ki ɗora masa wannan ya yi ta juya shi shi kaɗai? Ki yi mini alkawari."

Kulsum ta yi alkawari. Ta ɗauki hutu a wajen aiki, ta bar yaranta wajen uwar mijinta, ta dawo Dangora da jakar magunguna.

Daga nan kowane kira ya zama aiki. In wayar Malam ta yi ƙara, Kulsum za ta ɗaga Inna ta jingina ta da filo, ta ba ta ruwa ta jiƙa maƙogwaro. Sai Inna ta karɓi wayar da murya irin ta da, ta tambayi yaji ko ya ƙare, ta ba shi labarin tunkiyar da ta haihu da katangar maƙwabta da ruwa ya kayar. Shi kuma ya ba ta nasa: yadda shi da abokin aikinsa Tomas suke fita kullum su bi layin tutocin da aka kakkafa a ƙanƙara har wajen na'urar, don in iska ta taso mutum ba ya ganin ko hannunsa, yadda suke share dusar ƙanƙara daga faranti, su sa giris a inda yake juyawa, yadda numfashi ke daskarewa a gashin ido. Inna ta yi dariya a inda ya kamata. In an kashe waya sai ta zame ta kwanta, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ta daɗe ba ta iya ko ɗaga hannu.

Malam yana ganin duk wannan. Ba a nemi alkawarinsa ba, shi ma bai bayar ba. In an miƙa masa waya sai ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya mayar.

Da ciwon ya yi nisa, aka fara yi mata allura mai sa barci. Alkasim ya kira, Kulsum ta ce Inna ta shiga maƙwabta barka. Ya sake kira, ta ce ta tafi ta'aziyya Kiru. A kira na gaba, da hantsi, Inna tana kwance ba ta san inda take ba, Kulsum ta ce ta zagaya bayi.

"Zan jira," in ji Alkasim.

"Za ta daɗe, wanka take yi."

Ya yi shiru. Layin yana da jinkiri, magana takan ɗan tsaya a hanya kafin ta iso, amma wannan shirun ba na layi ba ne.

"Yaya, ba ni Baba."

Malam yana zaune a kan buzu a bakin ɗakin. Ya karɓa.

"Baba, don Allah na tambaye ka, don girman Allah. Inna lafiya take?"

Kulsum ta girgiza wa mahaifinta kai, hawaye na zuba. Malam ya dube ta, ya dubi labulen ɗakin, ya sunkuyar da kai.

"Ba lafiya take ba, Alkasim. Ciwon daji ne. Likitoci sun ce sai dai addu'a."

"Tun yaushe?"

"Tun shuka."

"Yaya ta sani?"

"Ita take jinyarta."

Can ya ce, "To, Baba," ya kashe.

Da Inna ta farka bayan azahar, Malam bai bar wa Kulsum aikin ba, ya shiga da kansa ya gaya mata.

"Malam, ashe haka za ka yi mini?"

"Ya haɗa ni da Allah, Hajara. Na yi shiru iyakar yadda zan iya. Ƙarya kuwa ba zan yi masa ba, ko ke kika tambaye ni a kansa haka zan yi."

Ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta ƙara ce masa komai ba, ko da ya shigo yi mata addu'a bayan magariba.

A can, Alkasim ya je wajen shugaban tashar da suke zaune, ya tambaya ko akwai hanyar fita, duk da ya san amsar. Mutumin ya zaunar da shi, ya ce a irin wannan sanyi man jirgi kansa daskarewa yake yi. An taɓa aiko da jirgi a tsakiyar duhu, amma don ceton ran wanda ke cikin tashar ne, kuma matuƙan sun sa nasu ran a haɗari. Alkasim ya ce ya gane. Ya koma ɗakinsa, ɗan ƙarami mai gado ɗaya, ya zauna a bakin gadon. Da lokacin fita ya yi, ya sa kayansa ya bi Tomas.

Washegari ya kira. Inna ta karɓa, wannan karon ba ta gyara murya ba.

"Auta, ka yi fushi?"

"Inna, da kin bari na sani."

"Da ka yi me?"

Ta ji yana kuka, ta bar shi ya yi, ita ma tana share nata da bakin zane.

"To ya isa," ta ce. "Tunda ka sani, na huta da wasan kwaikwayo, dama ya gajiyar da ni. Yanzu kai za ka riƙa magana, ni in saurara. Shekara nawa ana tambayata abin da kake yi ina jin kunya. Gaya mini da Hausar da zan gane."

Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Ya ce a farkon halitta komai wuri ɗaya yake, da zafi ƙwarai, a dame kamar kunun da aka sauke yanzu. Babu tauraro, babu rana, babu duniya. Da abin ya faɗaɗa ya huce, haske ya samu hanyar wucewa, shi ne hasken da yake isowa har yau. In an auna ɗuminsa a gabas, aka auna a yamma, kusan ɗaya ne.

"Kusan," in ji Inna.

"Nan aikin yake. Kunun bai damu sarai ba, akwai 'yan gudaji a ciki. Wani wuri ya ɗara wani kauri kaɗan. Inda ya ɗara, sai ya riƙa jawo na kusa da shi, a hankali a hankali, har ya zama tarin taurari. Hasken nan yana ɗauke da hoton gudajin tun suna ƙanana."

"Kaɗan ɗin kamar yaya?"

"Kamar ki auna gero kwano biyu, ɗaya ya fi ɗaya da ƙwaya ɗaya ko biyu."

"Kai kuma sai ka gane wanda ya fi?"

"Na'urar ce take ganewa, in an yi haƙuri da ita. Manyan gudajin an riga an auna su, wasu sun riga mu. Mu ƙananan muke nema. Ki dubi wata in ya cika, ki raba faɗinsa gida talatin, irin wannan ƙanƙantar. Kallo ɗaya ba ya nuna komai sai hayaniya. Sai mun kalli wuri ɗaya sau dubbai, muna tarawa, sannan abin yake fitowa."

Inna ta lumshe ido har Kulsum ta leƙa ta ga ko barci ya ɗauke ta.

"Wato da babu gudajin nan, da babu taurari?"

"Haka lissafi ya nuna, Inna, da ikon Allah."

"Da babu mu ke nan."

"Da babu."

"Ikon Allah. Ni da na ƙare rayuwata ina faɗa da yayarka a kan gudajin tuwo."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Malam, da ke bakin ƙofa yana ji, shi ma ya yi murmushi. Da Kulsum ta kwantar da ita, Inna ta ɗaga ido ta ce, "Malam, shigo mana, kana tsaye kamar baƙo." Shi ke nan maganar ta wuce a tsakaninsu.

Haka kiran ya koma. Ba ta da ƙarfin doguwar magana, sai ta jefa tambaya ta rufe ido. Me ya sa ake sanyaya cikin na'urar bayan wurin duk sanyi ne? Ya ce sanyin waje zafi ne a wajen na'urar, sai an kai idanunta kusa da ƙarshen sanyin da zai yiwu kafin su ji ɗan ɗumin da ake nema. Ta tambaya ko ya fita yau. In ya ce iska ta hana, sai ta ce to gobe kada ya yi lalaci. Wata rana ta ce, "Ka samu kuwa?"

"Ba a samu a shekara ɗaya, Inna. Sai an haɗa na bana da na bara da na baɗi, wataƙila shekara biyar."

"To ba zan ji ba ke nan. Ka gaya wa babanka, shi yana da haƙurin jira."

Da Kulsum kuwa bai koma yadda suke ba. In ita ta ɗauki waya sai ya gaishe ta a taƙaice, ya tambayi sunan magani da awon allura kamar mai magana da ma'aikaciyar da bai sani ba, ya ce ta ba shi Inna. Hotuna ma suka daina zuwa wayarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Takan fita bayan gida wajen turken awaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Da masara ta fara goyo, ƙanin Inna, Kawu Hamman, ya sauko daga rugarsu ta wajen duwatsun Doguwa, ya zo da ƙwaryar kindirmo wanda ba ta iya sha ba. Ya zauna kusa da ita suna magana da Fulatanci, harshen da ta tashi da shi kafin a kawo ta Dangora. Daga ranar Hausa ta fara kuɓuce mata. A kira na ƙarshe da ta iya karɓa, duk abin da ta faɗa da Fulatanci ne, Alkasim kuwa bai iya ba sai gaisuwa. Kawu Hamman ya riƙe wayar a tsakaninsu yana fassarawa.

"Ta ce ta yafe maka duniya da lahira. Ta ce ka riƙa rufe kunnenka in za ka fita. Ta ce..." Ya tsaya ya saurara. "Wannan ba da kai take ba, da innarmu take."

Ta rasu wata ranar Talata ana sallar azahar, ana yayyafi. Aka yi mata sutura, aka kai ta bayan la'asar. A kwanakin nan da safe ne tauraron yake leƙowa, don haka babu hanyar kira. Kulsum ta ce akwai adireshin da ya ba su na gaggawa, ana iya tura gajeren saƙo ya isa a kowane lokaci. Malam ya ce a'a, ba a rubuce zai gani ba, daga bakinsa zai ji.

Da safe wayar ta yi ƙara a zaure, cikin masu zaman makoki. Malam ya tashi ya shiga soron ciki.

"Alkasim, sai haƙuri. Allah ya yi wa mahaifiyarka rasuwa jiya da azahar. Mun kai ta."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can ya ce, "Baba, zan iya yi mata salla daga nan?"

A karatun da Malam ya tashi a kai, ba a yi wa mamacin da ba ya gaban mutane sallar gawa, kuma haka ya koyar shekara da shekaru.

"A mazhabarmu ba a yi," ya ce. "Amma akwai manyan malamai da suka halatta, kuma suna da hujjarsu. Kai ba ka ƙi zuwa ba, hanya ce babu. Ka yi alwala ka yi mata. Kabbara huɗu, ka san yadda ake yi."

Ya yi, shi kaɗai, a ɗan ɗakinsa. Tomas ya tambaye shi abin da mutanensu suke yi in an yi rashi. Ya ce zama ake yi, mutane su zo su gaishe ka, su zauna kaɗan, su tafi. Bai ɗauka maganar za ta wuce nan ba. Da ya shiga ɗakin cin abinci sai ya tarar an jawo kujeru an jera. Mutanen tashar suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, masu gyaran injin wuta, da likita, da mai dafa abinci, kowa ya ba shi hannu ya zauna shiru. Wasunsu ko sunan ƙasarsa ba su iya faɗa daidai ba. Tomas ya ɗauke masa fita na kwanakin. Amma a rana ta uku ƙararrawar na'urar ta buga, farantin ya tsaya cak ya ƙi juyawa, aikin kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Alkasim ya sa kayansa, suka bi tutoci da fitila a goshi. Suka yi sa'o'i a ƙarƙashin farantin suna kwancewa suna ɗaurawa, suna shiga ɗaki su ɗumama yatsu su fito. Da farantin ya motsa ya koma kan yankin saman da yake kallo, Alkasim ya zauna a gaban kwamfuta yana duban lambobin suna shigowa, ya daɗe bai tashi ba.

Rana ta fito musu a ƙarshen Satumba. Jirgin farko ya sauka da Nuwamba ta kama, ya kawo waɗanda za su karɓe su. Alkasim ya iso Dangora ana casar shinkafa, ya rame, fatarsa ta yi haske, gemu ya cika masa fuska. Mutane suka sake cika zaure kamar ranar aka yi rasuwar. Kulsum ta zo daga Tudun Wada, suka gaisa a cikin mata, ya ce mata ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki, ta koma da yamma.

Washegari Malam ya kai shi maƙabarta. Kabarin ya riga ya kwanta, ciyawar damina ta bushe a kansa. Suka yi addu'a suka juyo. A hanya Alkasim ya fito da wayarsa ya nuna wa mahaifinsa wani hoto, fili ne mai ɗigo-ɗigon ja da shuɗi kamar zanen atamfa.

"Ga abin da muka tara bana, Baba. Ja ya ɗara ɗumi, shuɗi ya ɗara sanyi. Ba a tace shi ba tukuna."

Malam ya kai wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kafin a yi rana?"

"Kafin a yi."

"Allahu akbar." Ya miƙa masa. "Kun gama ke nan?"

"Da saura. Sun ce in ina so in sake komawa bayan shekara guda. Na ce musu a'a. Ba zan sake shiga inda ba zan iya fitowa ba kana raye."

Malam ya tsaya a gefen hanya, ya dogara da sandarsa.

"Kada ka ɗora mini wannan. In ba ka son komawa don kanka, kada ka koma. Amma ka sani, ranar da ta cika ina masallacin ƙofar gida. Ko tari aka yi a gidan ina ji daga sahu. Na yi sallama aka zo aka gaya mini. Ni da kai duk ba mu nan." Ya ci gaba da tafiya. "Mutum ɗaya ce take nan. Ita ta riƙe mata kai, ita ta laƙƙana mata kalmar shahada, ita ta rufe mata ido. Wata uku ba ta yi barcin kirki ba. Na ga irin gaisuwar da ka yi mata jiya."

Alkasim ya bi bayansa har suka isa gida.

Bai yanke maganar komawa a ranar ba, bai kuma yanke ta a watan ba. Daga baya ya karɓi aikin tace bayanan, wanda ake yi a ofis, wani ya tafi ƙanƙarar a madadinsa. Amma ranar Asabar ɗin makon ya hau mota ya tafi Tudun Wada. Ya tarar da Kulsum a tsakar gida tana tsince shinkafa, yara sun tafi islamiyya. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan farantinta ba ta dube shi ba.

"Yaya, na zo ne ki yafe mini."

"Ni ce na yi maka ƙarya."

"Ita ta sa ki. Na sani tun a lokacin. Na rasa wanda zan yi fushi da shi ne, ke kuma kina kusa."

Ta ajiye farantin. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ya bar ta har ta nutsu.

"Akwai abin da nake so," ya ce. "Ni abin da na sani na watannin nan, abin da aka bari ya shigo waya ne. Ki gaya mini sauran. Har da marar daɗin, kada ki rage mini komai."

"Yana da tsawo."

"Ba inda za ni yau."

Kulsum ta share ido, ta gyara zama. Ta fara daga ranar Asabar ɗin da ta shigo gida ta tarar da Inna tana shanya kuɓewa a rana, ta ce mata ta ɗago ta dube ta.